A ɓare rezar a gabana

Duk wanda ya san Sakkwato ya san cewa ranar Juma'a, daga hantsi zuwa kiran salla, babu shagon askin da za ka shiga ka tarar da kujera babu kowa. Wata Juma'a ina kan benci a wani shago a Mabera ina jiran layi, sai wani magidanci da ya girme ni ya tsaya yana ja-in-ja da yaron shagon a kan kuɗi. Gyaran fuska kawai yake so. Yaron ya faɗi farashi, mutumin ya ce wata biyu da suka wuce ba haka ya biya ba. "Alhaji, komi ya tashi," in ji yaron, "ko kuɗɗin shago an ƙara muna." Suka yi ta yi har aka rage masa wani abu. Ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya lumshe ido. Yaron ya ɗauko askar da ya ajiye a kan tebur bayan ya gama da wanda ya tashi, ya goge ta da auduga, ya ɗora a kumatun Alhaji. Ɓarin rezar da ke cikinta ba a canza shi ba. Na gani, mutum biyun da ke kusa da ni ma sun gani, amma babu wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce komai ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Mutumin ya ɓata kusan minti biyar yana kare aljihunsa, bai ɓata ko daƙiƙa ɗaya ba wajen duba abin da za a kankare masa fata da shi. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin haka yawancinmu muke. Muna da baki a kan farashi, ba mu da baki a kan reza.

Kukan tsadar aski gaskiya ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta yi ta hawa, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Yunin wannan shekarar ta 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai shagon aski duka biyun sun same shi. Idan babu wuta sai ya tayar da janareta, ga fanka da dole ta juya a garin da zafinsa yake wuce digiri 40 a watan Afrilu. Kilifa, da reza, da man kilifar, da sifirit, galibinsu daga waje ake shigo da su, dala ce take yanka musu farashi. Kilifa mai caji ta ɗan sauƙaƙa wa wasu sha'anin janareta, amma ita ma batirinta mutuwa yake yi.

A ɓangaren mai zuwa askin kuma lissafin ba shi da daɗi. A ce magidanci yana gyaran fuska duk Juma'a, a ce naira 500 yake bayarwa. Juma'a 52 ce a shekara, naira 26,000 ke nan, ba a sa askin kai ba, ba a sa na yara maza uku ko huɗu da makaranta za ta koro in sumarsu ta taru ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, kuma mutane da yawa a garin nan ko shi ba sa samu. Don haka na san abin da ya sa Alhaji ya tsaya ciniki.

Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu daga ina ragin yake fitowa. Mai aski ba zai iya rage kuɗin haya ba, mai shago na nan tafe ƙarshen wata. Ba zai rage fetur ba, in janareta ta mutu kowa zai gani ya tashi. Abin da zai iya ragewa ba tare da an lura ba shi ne abin da ido ba ya kamawa: ɓarin reza ɗaya ya yi wa mutum biyu ko uku, sifirit ya ƙare a ci gaba da shafa kananzir ko fetur, a kunna leta a gifta wa bakin kilifa wuta na ƙiftawar ido don hankalin mai kallo ya kwanta. Kananzir ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne. Wutar da aka gifta ba ta shiga tsakanin haƙoran kilifa, inda gashi da ɓurɓushin fata suke maƙalewa. Kilifa kuwa tana yanka, musamman in an wasa bakinta don a fitar da layin goshi da na saje. Duk wanda ya taɓa jin raɗaɗi lokacin da aka fesa masa sifirit bayan aski, to fatarsa ta buɗe, ko bai ga jini ba.

Idan aka yi wannan magana, hankalin mutane ƙanjamau yake tafiya, sai su ce ai ba ta da yawa a nan. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali ciwon hanta ne nau'in B. Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, wato kusan mutum ɗaya a cikin goma sha biyu. A ƙirga kawunan da suke zama a kujera ɗaya ranar jajibirin Salla. Ƙwayar tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe tana nan da ƙarfinta, kuma ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kama mutum ninki 50 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita a 2022, kuma ta kashe fiye da miliyan ɗaya a shekarar. Mafi yawan masu ita ba su san suna da ita ba. Mutum zai yi shekara ashirin ko talatin garau, yana noma, yana kasuwa, yana aure, sai rana ɗaya ciki ya fara kumburi, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a yi ta jiƙe-jiƙe, kafin a kai shi asibiti hanta ta riga ta ƙandare.

Wani ɗan'uwana ya san yana da ita ne ranar da matarsa take kan gwiwa aka nemi jini. Ya miƙa hannu, aka gwada, aka ce nasa ba zai yi ba. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya cika kwantar da shi. Likitan ya zayyana masa hanyoyin da ake kamuwa, daga uwa wajen haihuwa, da allurar da aka yi wa wani, da saduwa, da kayan kaifi da ake tarayya a kansu. Ba zan ce a wurin aski ya ɗauka ba, ƙofofin suna da yawa. Amma a cikinsu wannan ce muke ratsawa da ƙafarmu duk mako, kuma ita ce ta fi arahar rufewa.

Akwai wata ƙofar da ta fi ta shagon Mabera girma, kuma a cikin gidajenmu take. Babban mutum in ya kamu da ciwon hanta nau'in B, yawanci jikinsa yana yaƙar ta ya rabu da ita, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame musu ta dindindin. Jariri kuwa akasin haka ne: wajen tara a cikin goma da suka kamu suna jarirai, da ita za su rayu. To wane ne yake fara ɗora ƙarfe a jikin ɗan Bahaushe? Wanzami ne. Kafin jariri ya yi sati wasu gidajen an kira shi ya cire belu. Ranar suna shi zai yi askin fari. In gidan masu tsaga ne shi zai yi. Bayan 'yan shekaru, lokacin hunturu, shi zai jera yaran unguwa ya yi musu kaciya ɗaya bayan ɗaya. Cire belu dai likitoci sun daɗe suna roƙon a daina, saboda zubar jini da shigar cuta, kuma ina tare da su. Askin suna kuwa sunna ce, malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu a aske kan jariri ranar bakwai a yi sadaka da nauyin gashin na zinariya ko azurfa. Babu mai cewa a bari. Tambayata ita ce, mai gidan da ya iya sayen ragon suna da goro da alawa da turamen mai jego, me zai hana shi sayen reza guda sabuwa ga kan da ko maɗiga bai rufe ba? Tun 2004 aka sa allurar riga-kafin wannan ciwo a jerin alluran yara a Nijeriya, kyauta, kuma ta farkon an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, sai a ce ba a fita da jariri kafin suna. Ta haka aska take riga allura isa gare shi.

Kada wani ya ɗauka ina neman a kori wanzamai ne. Na tashi ina ganin wanzamin gidanmu, wanda ya gaji aikin daga mahaifinsa kamar yadda mahaifina ya gaji zama a gabansa daga kakanmu. Kan keke yake zuwa da zabirarsa a rataye. A zaure ake shimfiɗa tabarma, ya jiƙa kan mahaifina da ruwa da sabulu yana murzawa a hankali, ya zaro aska, ya wasa ta a fata, ya gwada kaifinta a bayan hannunsa. Ba na mantawa da sautin askar tana bin kai, da yadda yake juya kan babban mutum da yatsu biyu kamar na yaro, mahaifina kuwa ya sallama masa. Ban taɓa jin an yi cinikin kuɗi tsakaninsu ba. Abin da ya samu ake ba shi, in kaka ta yi a kai masa dami, in an yi suna yana da kasonsa a naman rago, in yana da sha'ani gidanmu duka za a je. Shi ya san wane yaro aka yi wa kaciya a wace shekara. Shi ake tasa cikin dare in wani ya kwana da ciwon baya yana son ƙaho. Irin wannan amana ba a samunta a shagon da yau wannan yaro ne gobe wani.

Amma amana ba ta kashe ƙwayar cuta, kuma wasa aska a fata kaifi yake ƙara mata, ba ya wanke ta. Kakanninmu ba su san wannan ba, mu mun sani. Shekarun baya, da aka yi mini haihuwa, na sayi aska irin mai cin ɓarin reza da fakitin reza, na kai wa tsohon nan a gidansa kwana biyu kafin suna, don kada in yi masa maganar a gaban mutane. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wata alfarma na zo nema." Ya juya askar a hannunsa, ya buɗe ta ya rufe. Ya ce, "Wanga abu ba shi da nauyi, hannu bai jin shi." Ya yi shiru, can ya ce, "Amma ko Makka haka munka ga ana yi. Kawo." Gaskiyarsa. Duk wanda ya sauke farali ya san hukumomin Saudiyya suna gargaɗin alhazai su je wurin masu askin da aka ba izini, masu amfani da reza ɗaya ga kai ɗaya, saboda wannan ciwon hantar dai. A wurin da aski yake ibada, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa masu askewa addu'a sau uku kafin ya yi wa masu saisaye, an yarda a canza reza. Ban ga dalilin da zai sa a zaurenmu ya zama raini ba.

Sai batun wace rezar ma ta dace. Matasa da yawa da suka fara ɗaukar albashi suna ganin wayewa ita ce a sayi abin aski mai wuƙa uku ko biyar irin wanda ake talla a talabijin. Reza mai baki biyu da ake yarwa in ta dakushe, King Camp Gillette ne ya fito da ita kasuwa a Amurka, a shekarar 1903 ya sayar da gidan reza 51 kacal da reza 168, a 1904 ya samu rajistar mallakar fasahar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yaɗa ta, da aka raba wa sojojin Amurka miliyoyi. Daga baya kamfanin ya fito da mai wuƙa biyu a jere a 1971, mai uku a 1998, mai biyar a 2006. Kamfanin Bic na Faransa kuma ya kawo ta roba da ake yarwa gaba ɗaya a 1975. Kowane sabon samfuri kansa ba ya shiga sai a mariƙinsa, don haka in ka sayi mariƙin ka ɗaure kanka da sayen kawunansa da tsadarsu, kuma tsadar ce take sa mutum ya yi ta kankara da kai ɗaya har ya yi tsatsa. Tsohuwar reza mai baki biyu, irin wadda mai tireda yake sayarwa ɗai-ɗai a cikin 'yar takarda, kowane gida tana shiga, ko ta wane kamfani ce.

Kuma ita ta fi dacewa da gashinmu. Gashin baƙar fata a murɗe yake fitowa. Abin aski mai wuƙaƙe da yawa an yi shi ne ta yadda ta farko za ta ɗan jawo gashin, ta bayanta ta yanke shi, sai ya koma ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Ga mai murɗaɗɗe, gashin yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, daga nan ƙurajen aski suke fitowa a ƙarƙashin haɓa da wuya, su bar baƙin tabo. A ƙeya ma, yawan kankarewa yana tayar da ƙurajen nan masu tauri da wasu suke fama da su shekara da shekaru. Wuƙa ɗaya mai kaifi, a jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulu, a bi inda gashin ya kwanta kada a tayar masa, kada a maimaita wuri ɗaya sau uku, ya wadatar. Wanda fatarsa ba ta jure ko wannan, ya bar reza, ya riƙa saisaye da kilifa. A garin nan ma yawancin magidanta gemu suke bari, aikin bai wuce rage gashin baki da daidaita gefen kumatu ba. Sauran wuraren da addini ya ce kada a wuce kwana arba'in ba a tsabtace ba, hammata da mara, mutum shi yake yi wa kansa, kuma a nan ma na sha ganin 'yan ɗaki ɗaya, ɗalibai ko 'yan kasuwa masu kwana a shago, suna ajiye abin aski guda a taga kowa yana ɗauka.

Mai hali ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita shago. In aka yi lissafin da na yi a sama, gidan da yake da maza huɗu ko biyar cikin 'yan watanni zai fanshe kuɗinta, in wani a gidan ya koyi saisayen yara. Sai dai a gida ma, in an san wani yana da ciwon, a ware masa tasa. Wanda ba shi da hali, reza guda ba ta kai kuɗin kofin shayi ba. Ya saya a tireda, ya sa a aljihu, ya miƙa wa mai aski a cikin takardarta.

Abin da yake hana mu ba kuɗi ba ne sosai, kunya ce. Mu Sakkwatawa an san mu da kara. Kana ganin in ka ce a canza reza kamar ka ce wanda ya tashi daga kujerar yana da cuta, alhali maƙwabcinka ne, sahu ɗaya kuke salla. Ko kuma kamar ka ce wa mai askin ƙazami ne. Shi ya rufe mini baki a Mabera. Amma in aka juya maganar sai ta yi sauƙi: tunda yawancin masu ciwon ba su san suna da shi ba, mai yiwuwa ni ne nake ɗauke da shi, kuma wanda zai zauna bayana nake karewa. Addinin da ya ce kada ka cutar kada a cutar da kai bai ware kujerar aski ba. Ina roƙon limamanmu, da suke karantar da babin tsarki da sunnonin fiɗira kullum, su ƙara wannan jumla guda a huɗuba. Za ta isa inda takardar ma'aikatar lafiya ba ta isa.

Hukuma ma tana da nata, kuma ba na so ya zama na kame da tara, don in aka fara haka cin hanci kawai za a buɗe wa ƙofa. Wanzamai suna da shugabanci tun kafin zuwan Turawa. Akwai Sarkin Aska a garuruwa da gundumomi, kuma maganarsa tana da nauyi a wurin mutanensa. Masu shaguna su ma suna da ƙungiyoyinsu, su ne ma suke zama su tsayar da farashi. Yadda aka bi ta hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi da hakimai har aka ci ƙarfin shan inna, haka za a bi ta hannun waɗannan. A tara su, a nuna musu yadda ake goge kilifa da buroshi a cire gashi kafin a jiƙa bakinta a sifirit, da yadda ake wanke kayan ƙaho da na kaciya a tafasa su minti 20, da wuƙar tiyata ta amfani sau ɗaya da ake samu a kemis. A gwada su kansu kyauta a yi musu allurar riga-kafi guda uku, domin su ne hannunsu yake cikin jinin mutane kullum. In ƙungiya za ta rubuta farashi ta manna a bango, ta rubuta cewa kuɗin sabuwar reza yana ciki, a ɓare ta a gaban wanda za a yi wa askin. Mu kuma mu biya, mu daina neman ragi a kan wannan 'yar naira.

Na koma shagon na Mabera bayan sati biyu, da yamma, lokacin da babu kowa. Na miƙa wa yaron rezata, na gaya masa abin da na gani ran nan. Bai musa ba. Ya ce, "Yaya, in mutane za su biya, ni mi zai sa in ƙi canzawa?" Da ya gama ya zare ɓarin rezar, na ga zai jefa shi a kwalin da yake tara gashi. Na tambaye shi ina yake zubarwa, ya nuna mini juji a bayan shagon, inda almajirai suke tsince-tsince, kuma na san da irin waɗannan rezoji suke yanke farce su yi wa juna aski a tsangaya. Muka nemo gwangwanin madara wurin mai shayin da ke gefe, muka huda murfinsa daidai shigar reza, ya ajiye shi ƙarƙashin madubi.